Wa Ya Yi Aikin Rigar? Allura da Goyo a Tarihin Birnin Zariya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan sallah ya san yadda ido ke rasa inda zai sauka. Ga dawaki sun sha ado, ga 'yan lifida, ga hakimai cikin manyan riguna, aska takwas ta kwanta a ƙirji, tambari ya kewaye a gadon baya. Maroƙa na kiran sunan mai rigar, da na ubansa, da na kakansa. In ka tambayi na kusa da kai dokin can na wane ne, nan take zai faɗa maka. Amma tambaye shi wa ya yi aikin rigar da ke jikin mahayin, sai ya dube ka kamar ka yi tambayar da ba ta da kai.

Mu da muka tashi a lungunan birni mun san amsar, ko da ba mu riƙe sunayen ba. Sau da yawa mace ce. A tsakar gida ta yi aikin, bisa tabarma, tsakanin sauke tukunya da ba jariri nono. In yaron ya dame ta da kuka, kishiya ko kaka ko 'yar maƙwabta ta karɓe shi ta goya, ita kuma ta koma kan allurarta. Mu ne yaran da ake aika da rigar a naɗe cikin leda mu kai wa mai ita, mu dawo da kuɗin a dunƙule a tafin hannu.

Abin da ya tuno mana da wannan shi ne yadda a 'yan shekarun nan manyan zaurukan baje kolin fasaha na Turai da Amurka suka mayar da hankali ga haihuwa da raino da yadda mata ke taruwa su kula da juna. A 2024 an zagaya wasu biranen Ingila da wani baje koli mai suna Acts of Creation, wanda marubuciya Hettie Judah ta tsara, kacokan a kan fasaha da zama uwa. Da muka bi tarihin wannan yunƙuri sai muka ga tambayar da ta haife shi ita ce tambayar da ke rataye a kan rigar hakimi: me ya sa aikin da ake yi da goyo a baya ba ya samun suna?

Ƙirƙira da riƙo

A 1968 wata matashiyar mai fasaha 'yar Amurka, Mierle Laderman Ukeles, ta haifi 'yarta ta fari. Nan da nan ta lura an daina tambayarta abin da take zanawa, an koma tambayarta lafiyar jaririya. Lokacinta ya tafi ga wanki da shara da girki, kuma babu wanda ke lissafa waɗannan a matsayin aiki. A 1969 ta rubuta wata 'yar takarda inda ta raba ayyukan duniya gida biyu. Akwai aikin samar da sabon abu, wanda ake yabo kuma ake biya. Akwai kuma aikin kula da abin da aka riga aka samar don kada ya lalace, wanda ba ya ƙarewa kuma ba a ganinsa sai ranar da aka daina shi. Ta ce daga ranar ta ɗauki wankinta da shararta a matsayin fasaha. A 1973 ta durƙusa ta wanke matattakalar wani gidan adana kayan fasaha a birnin Hartford mutane na kallo. Daga 1979 zuwa 1980 ta bi ma'aikatan kwashe shara na birnin New York, kusan mutum 8,500, ta yi musabaha da kowannensu ta yi masa godiya.

A Landan kuma wata mai suna Mary Kelly ta shafe shekara shida, daga 1973 zuwa 1979, tana tattara shaidar rainon ɗanta: abin da ya ci, kalmominsa na farko, har da ƙyallayen da ya ɓata. Da ta baje wani sashe na aikin a 1976, jaridun Ingila suka yi mata ca, wai ta kawo ƙazanta wurin da ake rataye zane.

Hausa tana da kalmar da ta dace da kashi na biyu na Ukeles, wato riƙo. Da ita muke cewa an riƙe yaro, an riƙe gida, an riƙe amana. Mu masu sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun san bambancin ƙirƙira da riƙo a jikinmu. Wanda ya fito da sabuwar manhaja shi ake ɗauka hoto. Wanda zai shekara goma yana toshe ɓarakarta cikin dare ba a san da shi ba. A 2014 aka gano wata ɓaraka da aka laƙaba wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ɗimbin shafukan intanet suka dogara da ita wajen ɓoye sirrin jama'a. Sai a lokacin duniya ta farga cewa 'yan mutane ƙalilan ne ke riƙe da ita, akasarinsu ba da wani albashin kirki ba.

Ba sai mun je nesa ba ma. Ganuwar birninmu ta ishe mu misali. Kowane yaro ya san sunan Sarauniya Amina 'yar Bakwa Turunku, wadda ake jingina wa gina ganuwoyi a ƙasar Hausa. Amma ganuwar ƙasa ba ta tsayawa don an gina ta. Sai an dinga fitowa gayya bayan damina ana yaɓe inda ruwa ya zaizaye. Ƙarni bayan ƙarni wasu mutane suka yi ta wannan yaɓe, ba mu da sunan ko ɗaya daga cikinsu. Da aka daina, ga abin da ya rage muna gani tsakanin Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana.

Zariyar da ta shiga littafi

A tarihin fasahar Afirka ta zamani sunan Zariya babba ne, sai dai Zariyar da ake nufi tana wajen ganuwa. A 1955 aka dawo da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya daga Ibadan zuwa Zariya, a harabar da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Sun gaji da manhajar karatun da Turawa suka zo da ita, suka ce dole mai zanen Najeriya ya haɗa dabarar da ya koya a aji da fasahar gidansu. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma har gobe ana karanta ta a jami'o'in duniya.

Akwai abu biyu da ba a cika tsayawa a kansu ba a wannan labari. Na farko, fasahar gida da Uche Okeke ya gina sunansa a kanta, wadda ake kira uli, sana'ar matan Ibo ce. Su ke zana ta a jiki da bangon ɗaki, kuma mahaifiyarsa na cikin waɗanda suka buɗe masa ita. Na biyu, a cikin malaman sashen akwai mace 'yar Najeriya, Clara Etso Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano a 1921, wadda ta yi karatun zane a Landan ta kuma koyar a Zariya daga 1955 zuwa 1964. Mutum zai iya karanta labarin ƙungiyar sau da yawa bai ci karo da sunanta ba.

Mace ɗaya da ta tsallake wannan shinge ita ce Ladi Kwali, maginiyar tukwane Bagwariya. A hannun 'yar'uwar iyayenta ta koyi ginin tukunya tun tana ƙarama. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen nan Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, garin da sarakunan Haɓe na Zazzau suka kafa bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya. Ita ce mace ta farko a cibiyar. Ba ta yi karatun boko ba, amma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa na dakta, kuma hotonta ne a bayan takardar naira ashirin. Abin lura shi ne, gwaninta ce tun kafin 1954. Abin da ya sauya shi ne an fara jingina tukunyar ga sunanta. Dubban mata da suka gina randunan da muka sha ruwa a ciki ba su samu wannan ba.

Daga mazari zuwa allura

A cikin ganuwa labarin ya bi wata hanya. Tun zamanin da, babbar riga aikin hannu da yawa ce. Mata ke gurzar auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙa maza su saƙa fari ko saƙi, marina su rina, maɗinki ya haɗa ƙwaryar rigar, mai zayyana ya zana aska biyu ko aska takwas a jikinta, mai aikin allura ya bi zanen da zaren tsamiya ko alharini, sannan masu bugu su buge ta ta yi sheƙi. A wancan tsari aikin allurar na maza ne, galibi malamai da almajirai, kaɗi kuwa na mata. Da kuɗin zare da abawa mace ke yin biki, ta yi adashi, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki.

Sai masaƙun zamani suka zo. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wasu suka biyo baya, yadi da zaren inji suka cika kasuwa. Sannu a hankali mazari ya koma ƙarƙashin gado. Matan birni, waɗanda akasarinsu ke cikin kulle, suka rasa babbar hanyar samun kuɗinsu. Ba su zauna ba. Suka kama ɗinkin hula, daga nan suka shiga aikin riga. Elisha Renne, masaniya daga Jami'ar Michigan da ta daɗe tana bincike a birnin Zariya, ta nuna cewa daga wajajen shekarun 1970 ne mata suka shiga aikin babbar riga sosai, a daidai lokacin da maza da yawa ke komawa ga keken ɗinki da aikin albashi. Shekarun kuɗin man fetur ne, 'yan siyasa da 'yan kasuwa na neman manyan riguna, aiki ya yi yawa.

Wannan babban sauyi ne a tarihin fasahar Hausa: sana'ar da aka sani ta maza ce tsawon ƙarnoni ta shiga hannun mata a cikin rayuwar mutum ɗaya. Ba a yi taro a kai ba, ba a rubuta takardar manufa ba. Wata ta koya wajen mijinta ko wanta, ta koya wa kishiyarta, kishiyar ta koya wa 'yar riƙonta, yarinyar ta yi aure ta kai sana'ar wata unguwa. Haka ta bazu gida-gida.

Dalilin da ya sa aikin ya zauna a hannun mata yana da alaƙa da raino kai tsaye. Aikin allura ana iya ajiye shi a ɗauka. Ba ya buƙatar wuta ko fita kasuwa. Amma yana buƙatar sa'o'i masu yawa da ido da natsuwa, riga ɗaya takan ci makonni, wata ma watanni. Mace mai goyo ba za ta samu waɗannan sa'o'i ba sai in akwai wasu hannuwan da za su karɓi yaron, su duba tukunya, su kai saƙo. Saboda haka duk rigar da aka gama, akwai aikin mutum biyar ko shida a cikinta waɗanda ba su taɓa allurar ba. Ga kuma inda gizo ke saƙar: mai aikin ba ta zuwa kasuwa, ba ta san nawa aka sayar da rigar a Kano ko Legas ba. Abin da dillali ya aiko shi ne nata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Uwa ba ɗaya ba ce

Mun yi sa'a akwai muryar mace ɗaya daga ƙasar nan da ta bayyana yadda wannan raino na taron dangi yake tun kafin zuwan Turawa. Tsakanin 1949 da 1950, a garin Giwa da kuma Zariya, wata tsohuwa da ake kira Baba ta ba Mary Smith labarin rayuwarta da Hausa. Mijin Mary, M. G. Smith, yana binciken tsarin mulkin Zazzau a lokacin. An buga labarin da Turanci a 1954 da sunan Baba of Karo. An haifi Baba wajajen 1877, ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba.

Baba ta yi aure sau huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Duk da haka ta raini yara, ta aurar. A labarinta ana ganin tsarin da mu ma muka tarar da sauransa: mai ciki na fari ta koma gidan iyayenta, ungozoma ta yanke cibi, tsofaffi su tsaya kan wanka har arba'in, uwa ta yi kunyar ɗan fari ba ta ko kiran sunansa, a kai yaro yaye wajen kaka, wadda ba ta haihu ba a ba ta riƙo, ƙawaye su yi wa juna biki ana ramawa. A irin wannan gida kalmar uwa ta fi mace ɗaya faɗi. Da yawa daga cikinmu sai da muka yi wayo muka gane cewa wadda muke kira Inna ko Gwaggo ko Iya ba ita ta haife mu ba.

Kuma wannan rayuwa cike take da aikin hannu da na baki. Majanyin da ake ɗaure goyo mata ke saƙa shi. Daɓen ɗakin amarya mata ke taruwa su yi, suna bugawa suna waƙa. Jeren ƙorai da tasoshi da kwanonin langa a bangon ɗaki, wanda ƙawaye da gwaggwanni kan wuni suna tsarawa, da a zauren baje koli aka gan shi da an rubuta sharhi a kansa. Ga faifai, ga lalle, ga waƙar raino. Babu ɗaya daga ciki da aka yi don a rataye a kalla. An yi su ne don wani ya ci, ya kwanta, ya yi barci, ya yi aure.

Ko a fada an taɓa ba wannan matsayi kujera. A Zazzau ta zamanin Haɓe sarautar Iya ta mace ce. Bayan jihadi ta koma hannun maza, har yau kuwa Iyan Zazzau namiji ne. Masallacin Juma'a na birni, wanda aka gina zamanin Sarki Abdulkarimu a shekarun 1830, kowa ya san maginin: Babban Gwani Muhammadu Durugu. Ya cancanci a san shi. Tambayarmu ita ce ina takwarorinsa mata a ɓangaren zare da yumɓu da kaba.

Inda riƙon ya gaza

Za mu yi wa iyayenmu rashin adalci in muka mai da wannan tarihi waƙar yabo zalla. A Zariyar nan aka tattara wasu daga cikin hujjoji mafi nauyi a kan wahalar haihuwa a Afirka. A 1978 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka wallafa bincikensu kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, wanda suka ga yana da yawa ƙwarai a yankin Zariya. Sun danganta shi da al'adun jego: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da yawan shan kunun kanwa, wanda gishirinsa ke sa jiki ya tara ruwa har zuciya ta gaji. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, kamar talauci da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Ko ma yaya aka raba laifin, matan da suka tsaya kan tukunyar wankan da ƙauna suka yi, kuma wasu masu jegon ba su kai arba'in ba.

A 1985 Farfesa Kelsey Harrison ya wallafa nazarin haihuwa 22,774 da aka karɓa a asibiti a Zariya daga 1976 zuwa 1979. Abin da ya fito fili shi ne, matan da ba su je awo ba, waɗanda sai naƙuda ta gagara a gida ake kawo su, su suka fi mutuwa, kuma ilimin mace na cikin manyan abubuwan da ke raba mai tsira da mai rasa rai. Shekara biyu bayan haka, a 1987, aka ƙaddamar da shirin duniya na kare rayukan mata masu haihuwa a Nairobi.

Darasin a nan shi ne taron hannu kaɗai bai isa ba. Gidan da ya iya karɓar yaro ya goya, in ba shi da ilimi da kuɗin mota da ikon yanke shawarar tafiya asibiti cikin dare ba tare da jiran maigida ba, zai iya rasa uwar yaron. Shi ya sa kuɗin allura ba ƙaramin abu ba ne. Shari'a ta ba mace mallakar abin da ta samu da hannunta, kuma a gidaje da yawa wannan kuɗin ne ke sayen magani da littafin makaranta. Duk naira ɗaya da aka tauye wa mai aikin riga, daga nan aka cire ta.

A kira su da sunansu

Mun san kalmar feminisanci takan sa wasu masu karatu su ɗaure fuska, suna ganin baƙuwa ce. To amma muhawarar kanta ba baƙuwa ba ce a garin nan. A Zariya Hajiya Gambo Sawaba ta zauna, ta sha ɗauri saboda neman wa matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a, ta kuma riƙe yara da dama da ba ita ta haifa ba. Asibitin da ke Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke da shi. A Jami'ar Ahmadu Bello aka yi taron 1982 da ya haifar da ƙungiyar Women in Nigeria, wadda Ayesha Imam na cikin waɗanda suka kafa ta, kuma aikin gida da ba a biya ba na cikin abubuwan da ta sa a gaba.

A cikin birni ma an motsa. A 1994 wasu mata masu aikin allura suka haɗu suka kafa ƙungiya da sunan Sarauniya Amina. Suka ɗauki zanen da aka saba gani a rigunan maza suka sauke shi a kan rigunan mata da jakunkuna da rigar matashin kai, kayan da za su iya sayarwa da sunan ƙungiyarsu. Aikinsu ya kai har kasuwar baje kolin sana'o'in hannu ta duniya da ake ci a Santa Fe ta Amurka. Idan ana neman fasahar mata ta wannan zamani da ta tsiro daga raino da taimakon juna a birnin Zariya, ga ta nan. Ba ta fito da takardar manufa irin ta Ukeles ba, amma buƙatar ɗaya ce: a ga aikin, a san mai shi, a biya shi.

Akwai misali daga waje da ya nuna abin da suna ke iya yi. A wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama, matan baƙaƙen fata, jikokin bayi, sun daɗe suna harhaɗa tsummokara su ɗinka barguna don 'ya'yansu su samu abin rufa. Uwa ke koya wa 'ya. A 2002 aka baje bargunan a babban gidan adana kayan fasaha na Houston, sannan a New York, kowanne da sunan matar da ta ɗinka shi. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan wasunsu a kan kan sarki. Bargunan ba su sauya ba, suna nan yadda aka ɗinka su. Abin da aka ƙara musu 'yar takarda ce a gefe mai ɗauke da suna da shekara.

A sana'armu akwai wani tsari da ake kira Git, wanda ke ajiye sunan duk wanda ya taɓa ko da layi ɗaya na manhaja, da ranar da ya taɓa. Bayan shekara ashirin za ka iya buɗewa ka ga wane ne ya gyara me. Rigar aska takwas ba ta da irin wannan rajista, kuma waɗanda za su iya cike ta suna ƙarewa. Matan da suka fara riƙe allura a shekarun 1970 yanzu sun haura sittin, wasu saba'in. Su kaɗai suka san wa ya koya wa wa, wane zane ne ya fara fitowa daga wace unguwa, nawa ake biya a lokacin, da kuma wa ya goya musu yara suna aiki.

Wayar da mai karatu ke riƙe da ita yanzu tana naɗar murya. In akwai irin wannan tsohuwa a gidanku, a Kwarbai ne ko Unguwar Juma ko Limancin Kona, a nemi izininta a zauna da ita. A tambaye ta sunan wadda ta koya mata, da sunan wadda ta riƙe mata yara, a rubuta duka biyun. Mai sayen riga ya tambayi dillali wa ya yi aikin da nawa aka ba ta. Masu sayarwa a Instagram da WhatsApp su sa sunan mai aikin ko na ƙungiyarta, in ta amince. Ɗaliban zane na Samaru da ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, mota ɗaya ce za ta sauke su a Babban Dodo.

Baba ta samu wadda ta zauna ta saurare ta, shi ya sa bayan shekara saba'in da rasuwarta muna iya kiran sunanta. Sauran suna nan a ɗakunansu, wasu idon ya fara rauni saboda allurar. Allah ya saka musu da alheri, ya ba mu ikon zuwa kafin a ce mana an yi sadakar bakwai.